Shin Alhasan na Fas Ya Taɓa Taka Ƙasar Zamfara?

Wani ƙanena da ke karatu ya turo mini hoton wata tsohuwar taswirar Afirka ta waya, irin waɗanda aka riƙa bugawa a Amsterdam a ƙarni na 17, masu zanen giwaye da jiragen ruwa a gefe. Ya zagaye kalma ɗaya da jan layi: Zanfara, da harafin n. Rubutun bai dame shi ba, wurin da aka ajiye sunan ne ya ɗaure masa kai. An kai mu can gabas, bayan Kano, bayan Katsina, bayan Zazzau, mun kusa jingina da Barno. Ya ce, "Yaya, wa ya ɗauke mu daga nan ya kai mu can?"

Mutum ɗaya ne ya yi mana wannan ƙaura, kuma da layi biyar ko shida ya yi ta. Sunansa Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan. An haife shi a Garnada ta Andalus dab da lokacin da birnin ya faɗa hannun Kirista a 1492, iyayensa suka tsallaka teku da shi zuwa Fas ta Maroko, a can ya yi karatu. Yana ɗan shekara 16 ko kusa da haka ya raka kawunsa jakadanci zuwa Tambutu, zamanin Askiya Muhammadu na Sanwai. Daga baya shi ma ya zama ɗan aiken Sarkin Fas, ya je Masar, ya tsallaka Bahar Maliya. A 1518, yana kan hanyar komawa gida, 'yan fashin teku suka kama shi a Bahar Rum. Da suka ga malami ne, sai suka yi kyautarsa ga Fafaroma Leo na 10. Aka tsare shi a kurkukun Sant'Angelo a Roma fiye da shekara guda, ran 6 ga Janairu 1520 aka yi masa baftisma, Fafaroma ya raɗa masa sunansa. Shi ne wanda Turawa ke kira Leo Africanus.

A zaman nan na Roma ya rubuta littafin bayanin ƙasashen Afirka da Italiyanci, ya kammala a watan Maris 1526. Rubutun ya kwanta shekara 24 kafin Giovanni Battista Ramusio ya buga shi a Venice a 1550. A 1556 ya fito da Faransanci da Latin, a 1600 John Pory ya fitar da shi da Ingilishi.

Da wuya a sami littafin da ya raba maza da gidajensu kamar wannan. Alhasan ya siffanta Tambutu da sarki mai tarin zinari, da alƙalai da malamai masu cin albashi daga fada, da kasuwar da ribar littafi ta fi ta kowace haja. Turai ta karanta, ta haɗiyi yawu. Da wasu attajirai da masana suka kafa ƙungiyar binciken cikin Afirka a Landan a 1788, a takardarsu ta farko sun faɗa da bakinsu cewa ɗan abin da ke kan taswirar tsakiyar Afirka daga mutum biyu ya fito, Alhasan da Al'idrisi. Wannan ƙungiya ce ta aiko Daniel Houghton, ya mutu a hanya a 1791. Ita ce ta aiko Mungo Park, wanda ya komo karo na biyu ya halaka a Busa. Gordon Laing ya isa Tambutu a 1826, aka kashe shi jim kaɗan bayan ya fito. René Caillié ya shiga a 1828 cikin shigar Musulmi, ya tarar da gidajen laka da rairayi, ya rasa inda zinarin yake. Shi Caillié ma littafi ne ya fara kunna masa wutar yawo tun yana yaro, labarin Robinson Crusoe. Mutane sun yi ta mutuwa a kan hanyar da alƙalami ya shata musu, don haka ba ƙaramar tambaya ba ce a ce: mai alƙalamin nan, ya gani ko ji ya yi?

Shi dai ya ce ya gani. Ya lissafa masarautu 15 na ƙasar baƙar fata, daga Walata a yamma har Nuba a gabas, ya ce dukkansu ya taka su. A cikinsu akwai Gobir, Agadas, Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da wata da ya kira Wangara. Kalmar Hausa ba ta fito a littafin ba. Harshenmu harshen Gobir ya kira shi.

Ga abin da ya ce game da Zamfara, a taƙaice, don shi ma a taƙaicen ya faɗa. Ta yi iyaka da Zazzau ta fuskar gabas. Tana da yalwar hatsi, da shinkafa, da gero, da auduga. Mutanenta ƙauyawa ne marasa daraja, dogaye, baƙaƙe ƙirin, masu faɗin fuska, har ya kamanta su da dabbobi. Askiya ya sa wa sarkinsu guba, ya hallaka da yawa daga cikinsu. Shi ke nan. Da wannan ɗan guntun magana Turai ta san mu shekara kusan 300.

Duk Bazamfaren da ya karanta wannan, ransa zai sosu, nawa ma ya sosu. Amma fushi ba ya warware ƙulli. Gara mu zaunar da Alhasan kamar mai ba da shaida a gaban alƙali, mu yi masa tambayoyi.

Mu fara da alƙibla. Yaron da ke tallar ruwa a tashar Anka ya san motar Zariya gabas take fuskanta, ta bi ta Gusau da Funtuwa. Mai son kare Alhasan zai ce jimlar tasa fuska biyu gare ta: wataƙila nufinsa Zazzau ce ke gabas, masu zanen taswira ne suka karanta a baibai. Da na karɓi wannan uzuri, in da a nan kaɗai ya tsaya. To amma Katsina ma ya ajiye ta gabas da Kano, alhali kowa ya san arewa maso yamma take. Kuma tsarin babin nasa gaba ɗaya daga yamma yake tafiya zuwa gabas, masarauta bayan masarauta, kamar an jera ƙwarya a kan danki. A ganina abin da ya faru shi ne, wani ya jera masa sunayen, Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara, shi kuma da ya zo rubutawa sai ya ɗauka duk wadda ta biyo baya tana gaba da 'yar'uwarta ta gabas. Wanda ya yi kwanaki a kan raƙumi rana na dukan ƙeyarsa da safe ba ya irin wannan kuskure.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi wannan nauyi. A bugun Ramusio, Alhasan ya ce Kwara yamma take gudu, har ya ce shi da kansa ya shiga jirgi a Tambutu ya bi ruwa zuwa Jenne da Mali. Alhali daga Jenne ruwan ke gangarowa Tambutu, ya wuce Gawo, ya sauko Yawuri da Nufe. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya riga shi da shekara kusan 160, ya shiga jirgi daga Tambutu zuwa Gawo, bai ruɗe ba. Wannan jimla ta Alhasan ta taimaka wajen ɓatar da masu zanen taswira har zuwa watan Yuli 1796, ranar da Mungo Park ya tsaya a Segu ya ga ruwan ya nufi mafitar rana.

Na tuna wata damina da na tsallaka gulbi a Gummi cikin kwale-kwale. Ruwa ja wur saboda laka, an ɗora babura biyu da buhunan taki, mu kuma mun takure a tsakani, kowa ya riƙe takalminsa a hannu. Don neman magana na ce wa dattijon da ke tuƙi, "Baba, ina ruwan nan ya nufa?" Ya dube ni kamar na tambaye shi ta ina rana ke fitowa. Ya karyo guntun kara daga ƙasan jirgin ya wurga. Karan ya juya sau biyu, ruwa ya ja shi. Ya ce, "Malam, dubi karan ga. Inda ya tahi, can gulbi ka zuwa. Yamma, har Kabi." Gaskiyarsa: Gulbin Zamfara yamma yake gudu, ya bi ta ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, ya haɗu da Gulbin Kabi, sannan su zuba a Kwara. Da a bakin gulbinmu Alhasan ya tsaya ya ɗauka Kwara ce, da mun yafe masa. Amma Tambutu ya ambata. Idan shaidarsa ta yi rawa a garin da kusan kowa ya yarda ya je, ina ga garin da ake tababa?

Abu na uku shi ne shirun da ke cikin bayanin. Alhasan mutum ne mai ido. Inda ya zauna, ba ya barin komai: Fas ta cinye masa shafuka masu yawa, har masu wankin gidan wanka da masu sayar da soyayyen kifi bai ƙyale ba. A Tambutu ya faɗi kuɗin da ya ga an sayar da kayan raƙumi na gishiri, dukat 80. Ko a ƙasar Hausa akwai wuraren da bayaninsa ke da ɗumi. Ya ce dukawan Gobir na ɗinka takalman da ake kaiwa Tambutu da Gawo. Ya ce a Zazzau, saboda sanyi, ana hura wuta a ƙarƙashin gado mai tudu a kwana a kai. Duk wanda ya san gadon ƙasa na mai jego ya san wannan ba ƙage ba ne, wani ne ya kwana a kai ya ba da labari. A Zamfara fa? Babu sunan birni ko ɗaya. Babu sunan sarkin da aka ce an kashe. Babu nisan tafiya, babu kasuwa, babu gulbi, babu irin gini, babu irin sutura. Baƙon da ya kwana ko da dare ɗaya a gari zai fita da sunan garin a bakinsa.

Yanzu mu zo ga guba. Alhasan ya mai da Askiya Muhammadu, wanda ya yi mulki daga 1493 zuwa 1528, tamkar guguwar da ta share ƙasar Hausa: ya kashe sarkin Gobir, ya kashe na Katsina da na Zazzau, ya kewaye Kano har sarkinta ya yarda da biyan sulusin kuɗin shigarsa, ya shayar da na Zamfara guba. Irin wannan gagarumin ci ba ya ɓoyuwa, dole a same shi a wani littafin. To, Tarihin Kano bai san da shi ba. A wannan zamani Muhammadu Kisoke yake nunawa a kan gado, daga 1509 zuwa 1565, kuma sarki mai ƙarfi yake nuna shi, ba mai kai gaisuwa Gawo ba. Za a ce ai marubutan fada ba sa rubuta ranar kunyar ubangidansu. Na yarda. Sai mu tambayi ɗaya ɓangaren, waɗanda ranar alfaharinsu ce. Abdurrahman Assa'adi na Tambutu, a Tarikhus Sudan da ya rubuta wajen 1655, ya bi yaƙe-yaƙen Askiya shekara bayan shekara. Ya ambaci hari kan Katsina wajen 1513 zuwa 1514. Ya ambaci yaƙin Agadas bayan haka. Bai ambaci cin Kano ba, bai ambaci kashe sarkin Zamfara ba. Abin da ya ambata, wanda Alhasan bai ko ji ƙamshinsa ba, shi ne cewa a dawowa daga Agadas aka yi rigima kan rabon ganima, Kanta na Kabi ya yi tawaye, Askiya ya aika masa da yaƙi bai ci nasara ba. Daga nan Kabi ta tsaya ƙyam tsakanin Sanwai da sauran ƙasar Hausa. Rundunar da za ta zo Zamfara daga Gawo sai ta bi ta ƙofar Kanta.

Masanin tarihi Humphrey Fisher ya tattara irin waɗannan hujjoji a wata maƙala a 1978, ya nuna cewa cin ƙasar Hausa da ake jingina wa Sanwai kusan a kan maganar Alhasan kaɗai ya dogara. Wani abin da ke ba ni dariya shi ne inda Turawa suka fara cin karo da littafin Assa'adi. Ba a Tambutu ba ne. A Gwandu ne, a 1853, Heinrich Barth ya same shi a hannun wani malami, ya zauna kwanaki kaɗan yana kwafar abin da ya iya, har ma ya ɗauka Ahmad Baba ne ya rubuta. Shaidar da za ta ƙaryata labarin gubar tana nan kwance a gafakar malamai, tafiyar 'yan kwanaki daga Gummi, Turai kuwa tana can tana ta sake buga kuskure.

Adalci ya sa a saurari masu kare shi, kuma ba hannu rabbana suka zo ba. A 1931 aka gano rubutun hannu na littafin a babban ɗakin karatu na Roma, aka gwada da bugun Ramusio, aka ga mai bugun ya gyara harshe, ya ƙara gishiri a wurare, ya rage a wasu. Fassarar Latin ta ƙara nata kurakurai, Pory kuma daga Latin ɗin ya ɗebo. Ashe ba kowace kalma da ke yawo da sunan Alhasan ce tasa ba. Sannan a tuna halin da ya yi rubutun: fursuna ne da aka canza wa suna, a ƙasar da ba tasa ba, da harshen da ya koya da girma, shekara goma ko fiye bayan tafiyar, kuma shi da kansa ya koka da raunin tunawa da rashin littattafansa. Mutum na iya zuwa gari ya manta alƙiblarsa. Ƙwarai. Amma wanda ya manta alƙibla yakan tuna wani abu: ƙofar gari, ɗanɗanon fura, ranar da jakinsa ya faɗa ruwa. A babin Zamfara babu ko ɗaya. Kuma a ƙarshen littafin ya bar wa kansa ƙofa, ya ce abin da bai gani da idonsa ba ya karɓa daga amintattun da suka gani.

To su wane ne amintattun? In ka karanta layukan nan a hankali za ka ji baki uku, ba ɗaya ba.

Bakin farko na falke ne. Hatsi, shinkafa, gero, auduga: wannan lissafin mai saye da sayarwa ne, kuma daidai yake har gobe. Je ka fadamun Gummi da Bukkuyum bayan ruwa ya janye ka ga shinkafa, ka tuna kuma da audugar da ta sa aka kafa injinan gurza a Gusau. Wanda ya faɗi wannan ya san abin da ake lodawa daga Zamfara, ko da bai san sunan sarkinta ba.

Baki na biyu ya fi muni. Tsawo, launin fata, faɗin fuska: ba haka baƙo ke siffanta masu masaukinsa ba. Haka dillali ke siffanta abin da ke tsaye a gabansa a kasuwa. Alhasan ya ga kasuwar bayi a Gawo, har ya faɗi farashi. Idan ya taɓa haɗa ido da Bazamfare, zatona a irin wannan wuri ne, mutum a ɗaure, cikin ƙura da yunwa, ba ya jin harshen masu tayawa. Wanda ka gani a haka ka ce ya yi kama da dabba, kanka ka siffanta.

Baki na uku na fada ne. Ɗan jakada a fadar Askiya abin da zai ji shi ne kirari: ubangidanmu ya ci gabas, ya ci yamma, wancan ya kashe shi da takobi, wancan da guba. Mu da muka tashi muna jin makaɗan fada mun san yadda hari ɗaya kan zama cin ƙasa bakwai kafin a sauke kalangu. Saurayi ɗan Fas ya ji, ya riƙe, bayan shekaru ya rubuta a Roma da sunan tarihi.

Akwai kuma tambayar da ƙanena bai yi ba: wace Zamfarar? A zamanin Alhasan ba Anka ce gidan sarauta ba. Labarin gargajiya ya ce daga Dutsi aka fara, wajen Zurmi, sannan Birnin Zamfara, can arewa wajen Isa. Sai a shekarun 1760 Gobirawa ƙarƙashin Babari suka ci birnin suka kafa Alƙalawa, gidan sarautar ya yi ta ƙaura, ta Kiyawa da sauran wurare, kafin ya tabbata a Anka a ƙarni na 19. Wato ko da Alhasan ya bi ayarin da ya ratsa arewacin ƙasar, wannan kusurwa tamu ta Anka da Gummi da Bukkuyum ba ta kan hanyarsa.

Gani ya kori ji, amma sai da aka jira shekara 298. A farkon 1824 Hugh Clapperton ya tashi daga Kano ya fuskanci yamma, ya ratsa ƙasar Zamfara, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a watan Maris. Zurmi ya rubuta a matsayin babban birnin Zamfara. Da sawun dokinsa aka mai da mu inda Allah Ya ajiye mu. Barth ya bi ta Zurmi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Wurno. Shi kuwa Alhasan, labarinsa ya dushe bayan an washe Roma a 1527. Wani masanin Jamus na zamanin ya rubuta cewa ya koma Tunis, ya koma addininsa.

Wani abu guda ya rage, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Zinari ne ya sa aka yi rububin littafin nan. Alhasan ya ajiye labarin zinari a Tambutu, ya ajiye a Wangara, wadda ya ce tana maƙwabtaka da Zamfara, Turawa suka yi ta neman Wangara a taswira. Zamfara kuwa gero da auduga ya ba ta. Ashe zinarin yana ƙarƙashin Bagega da Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Duniya ba ta san waɗannan sunaye ba sai a 2010, lokacin da gubar dalma da ke cikin dutsen da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400. Gubar da Alhasan ya rubuta babu littafin da ya tabbatar da ita. Wannan kuwa kaburburanta na nan.

Hukuncina dai shi ne Alhasan na Fas bai taka Zamfara ba. Ya ji ta a bakin falke, da dillali, da maroƙi, ya haɗa ya rubuta, kuma a cikin ukun falken ne kaɗai ya gaya masa gaskiya. Waɗanda suka zo da ƙafarsu suka zauna sun bar abin da ya fi layi shida. Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Kafin shi, Kurt Krieger ya zauna a Anka ya saurari dattawa, ya buga tarihin Zamfara a Berlin a 1959. Da Jamusanci ya rubuta. 'Ya'yan Anka da Gummi da Bukkuyum da ke jami'o'i, ku nemo shi ku mayar mana da shi Hausa, mu ji abin da kakanninmu suka faɗa da bakinsu.